Agwalumar da Baba yake nema

Sakkwato.

Zuwa ga yayana Jinaidu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Ashatu da yara, Allah ya sa haka, amin. Inna lafiyarta lau, ƙanwarmu Nafisa ma ta gama wankan jego ta koma ɗakinta. Jikin Baba ne ya hana ni sukuni har na ɗauki biro, tunda a waya kullum kana tsakiyar kasuwar kara, ba abin da nake ji sai kukan shanu.

Yaya, Baba ya daina cin abinci. Fura ya kau da kai, kunu ya kurɓa ya ture. Ba abin da yake ambato sai agwaluma. Na tura ƙanenmu Hamza zuwa Sabon Gari ya sayo manya-manya, na wanke na ɓare masa. Tsotsa ɗaya ya tofar, wai wannan tsinko ta aka yi tana bisa, shi ya sa tsami ya yi mata yawa. Ya ce zamanin da yake kai shanu Kurmi ba mai hawa itacen nan, jira ake ta faɗo da kanta a tsince ta da sassafe, ita ce mai zaƙi. Na sake sayowa a tsohuwar kasuwa, na ce masa wannan kam faɗowa ta yi. Ya dube ni, ya ce ni da ban taɓa ganin itacen ba, mi na sani? Wallahi ɗaki na shige na yi ta kuka.

Na ce to, ai Jinaidu yana garin Ore can Kurmi, zan sa ya aiko ta hannun direban tirela. Sai Baba ya juya mini baya, wai direba ina ya san wadda ta faɗo. Likita ya ce muddin bai ci abinci ba magani ba zai kama shi ba, ga lokacin agwalumar yana wucewa. Hankalina ya tashi, yaya, ko zama ba na iya yi.

Inna da autarmu Nana Hauwa suna gaishe ku, ka gaida Ashatu. Don Allah ka bar wa abokinka Jafar shanun, ka tsinto da hannunka ka taho da ita. Ko ta ruɓe a hanya ka taho. In kai ka miƙa masa kunun nan, zai sha.

Taka ƙanwa,
Ikilima