Kunnen Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Ɗakinmu ɗaya da Umma, kuma ko da idon ya tafi, kunnen nan nata ko motsi na yi sai ta ji, maganar kuwa ba ta gabanta ba ce.

Umma ta daina gane ni. Ranar Laraba na dawo daga kamfanin biskit, na durƙusa na miƙa mata maganin hawan jininta, sai ta lalubo fuskata, ta shafa kunnena, ta janye hannu. Wai Autarta tana da 'yan kunne masu ɗan dutse, ita ta sa mata da hannunta. Ni baƙuwa ce, ba za ta sha komai daga hannuna ba. Kin san hujina ya toshe tun da na kama aikin nan, shekara tara ke nan. Da rana maƙwabciyarmu matar tela tana lallaɓa ta ta ci abinci, amma maganin safe da na yamma nawa ne, kuma kwana uku bai shiga cikinta ba.

Ranar Asabar na je kemis aka sake huda ni, gotai-gotai da ni, ina runtse ido kamar 'yar yaye. Da na dawo ta shafa, ta ce, "Auta, ina kika shiga haka?" Ta shanye maganin har da neman ƙarin ruwa. Na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Sai dai a sashenmu na kamfanin ko zobe ba a shiga da shi, kada ya faɗa cikin kwaɓi. Kullum da safe a bakin get nake cirewa, in na taso in tsaya a ƙofar gida in mayar. Yana yi mini zafi sosai. Ke ce ma'aikaciyar jinya, me zan shafa?

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Auta

Ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, wasiƙarki ta same ni, kuma ta tayar mini da hankali.

Abin da kike yi kuskure ne. Sabon huji ciwo ne, ba a cire ɗan kunnen sai ya yi sati shida aƙalla. Duk cirewa da mayarwar da kike yi, sake yaga naman kike yi. Ki wanke hannu kafin ki taɓa. Ki riƙa gasawa da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, ki tsane da auduga mai tsabta. Kada ki murza shi, kada ki sa turare, kada ki kwanta a kansa.

Ki samu shugabar sashenku ki roƙe ta ta mayar da ke wajen naɗe kwali na sati shida. Ki yi mata magana a hankali, na san bakinki.

Na nemi hutu an ce babu mai karɓar aikina sai bayan wata biyu. Ban ji daɗin bar miki wannan nauyi ke kaɗai ba. Ki gaishe mini da Umma, ko ba za ta gane wace ce ba.

Taki,
Yaya

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Sannu da karatun likita. Sati shida! A takarda kam da sauƙin rubutawa.

Na je wajen shugabar, na yi ladabi har ni kaina ban gane kaina ba. Ta ce wajen kwali ya cika, wanda ba zai iya bin doka ba ga hanya nan. Na rufe ɗan kunnen da filasta na ja hular raga a kai, na'urar gano ƙarfe ta bakin ƙofa ta tona mini asiri a gaban kowa. Na zura zare a hujin, shugabar ta ce shi ma zai iya faɗawa. In na bar aikin ba mu da abin ci, in na bar ɗan kunnen Umma ba ta da 'ya. Haka na ci gaba, cire da safe, mayar da yamma, ina laluben hanyar da tsinin yana kauce mini, jini na bin wuyana.

Ranar Juma'a kunnen hagun ya kumbura suntum, yana fitar da mugunya, ɗan kunnen ya ƙi shiga sam. Mai kemis ya duba ya ce in cire duka biyun in bar su su toshe, maganar sake huji sai bayan watanni. Na daɗe tsaye a ƙofar ɗakinmu da 'yan kunnen a tafin hannuna, tsoron shiga nake ji.

Na durƙusa da maganin. Ta lalubo kunnen, na ce wash ban shirya ba. Sai ta tsaya. Ta sake taɓawa a hankali ta ji zafinsa, ta ce, "Auta, ba na hana ki wasa da shi ba? Miƙo min gishiri."

Yaya, ita ta gasa mini. Makauniya, ta kwantar da kaina a cinyarta tana dannawa tana yi mini faɗa, wai gobe ba zan je makaranta ba. Da ta gama ta karɓi maganinta ta sha ba musu. Yau kwana biyar kullum haka muke. Da zarar ta ji kumburin ta san ni ce.

A gaida yara.
Auta

Auta,

Gaisuwa. Na karanta a wajen aiki, sai da na nemi wuri na zauna.

Amma ki saurare ni. Gishiri kaɗai ba zai kashe mugunya ba, kuma ciwon yana iya bazuwa ya kwantar da ke. In kin kwanta wa zai duba ta? Na nuna wa likitanmu bayaninki, ga ƙwayoyi da man shafawa na haɗo miki. Ki fara ranar da suka iso, ki shanye duka. Cikin sati ɗaya kumburin zai sauka. Ki rubuto mini cewa kin fara, don Allah.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode.

Kunnen daman ya bushe. Jiya shi Umma ta fara taɓawa, ta tambaye ni wa nake nema. Na yi sauri na juya mata na hagun.

Maganin yana cikin jakata. Ban buɗe ba tukuna.

Auta