Hancin Jikata Vakarė

Plateliai, Janairu

Zuwa ga 'yata Rimantė,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aiki, yaya ciwon bayan? Ki riƙa shafa man da na aiko miki. Kada ki yi mita don ban kira ba. Kin san ni da waya, ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zancensa, takarda kuwa ba ta katse ni.

Vakarė ta iso lafiya. Na gane ta tun kafin ta gama saukowa daga bas, don hancin ya riga ta fitowa. Rimantė, hotunan da kike turowa yaudara ce. Yarinyar ta ɗauko hancin ubanta Kęstas ɗungurungum, da doron nan na tsakiya, da kan da ya lanƙwaso kamar zai leƙa cikin baki. Mutum ya gudu ya bar ki da goyo, bai bar miki ko cokali ba sai wannan. Na dai rungume ta, jinina ce.

Na fahimci sharaɗinki sarai. Idan ta saba da nan kafin bazara, bakinta ya buɗe da harshenmu, ta ce tana so, za ki ajiye aikin Ingila ku dawo gida gaba ɗaya. Idan ta ce a'a, shi ke nan. Ban taɓa jin inda 'yar shekara sha biyar ke zaɓa wa uwa da kaka wurin zama ba, amma na karɓa. Gidan nan ya yi mini girma tun rasuwar babanki, kuma ina son ku dawo fiye da yadda zan iya rubutawa.

Rabin rayuwata na yi ina koyar da Turanci a garin nan, saboda haka na san hanya. Kowace safiya ta kawo salon maganar Turanci, ni in ba ta namu. Na ce mu bi gaɓoɓin jiki, mu fara da hanci.

"Kaka, me ya sa hanci? Ba kai ne a sama ba?"

"Abin da ya fi kusa da ni na fara kamawa, 'yar nan."

Ashe mu da mutanen Ingila hancinmu ɗaya a wurare da yawa. Su ma suna jan wawa ta hanci kamar mu. Mai girman kai yana ɗaga hanci a can da nan, mai shisshigi yana cusa nasa a sha'anin mutane. Amma su ba sa rataye hanci in ransu ya ɓaci, ba sa kuma share wa abokin gasa hanci in sun kayar da shi. Wannan ya ba ta dariya sosai. Sai ta kawo wani nasu, wai abu a fili yake kamar hancin da ke fuskarka. Na ce mu ba mu da wannan, amma tunda kin zo garin za a ƙirƙiro. Ta ajiye alƙalami ta sunkuyar da kai. Na ce yawwa, ga rataye hanci nan kin yi da kanki, sai dai in naki zai rataya ki bari in kawar da kwanon miya.

Wasan kaka da jika ne, kada ki ɗauke shi da zafi. Tana da kai, kuma tana ƙoƙari. Har ta yi ƙawaye, jikokin Zigmas masassaƙi.

Ki gaishe da matar da kuke haya tare. Allah ya tsare ki.

Taki har kullum,
Mamanki Genovaitė

Plateliai, Fabrairu

'Yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin can bai taɓa ƙirjinki ba. Na san Vakarė ta riga ta kira ki tana kuka, don haka ki ji nawa kafin ki yanke hukunci.

Kin manta da Užgavėnės ko? Talatar nan ta korar hunturu kafin a shiga azumi, da yara da manya ke sa fuskokin itace su bi gida gida suna waƙa a ba su fanke. Tunda yarinyar ta ga fuskokin a shagon Zigmas ta kasa zama. Waƙoƙin duk ta haddace su, tana yi tana wanke kwanuka. Ta zaɓi fuskar akuya. Ni kuma na ce wa Zigmas ya ba mai bukata, wannan Allah ya riga ya sassaƙa mata. Wasa na yi, shi kuma sakarai ya ɗauka ba ta so, ya ba wani yaro.

Ba ta yi fushi ba, abin ya ba ni mamaki. Ta juya rigar fatar tunkiyar babanki ta sa, ta shafa baƙin tukunya a kumatu, ta naɗe kai da mayafi har sai idanu da hanci kaɗai ke waje. Sanyi ya mai da hancin jawur. Ta fita tana tsalle cikin ƙawayenta, na bi su a baya.

Da la'asar muka shiga gidan Bronė. Kin tuna ta, tsohuwar da ke bayan coci, yanzu yanar tsufa ta rufe mata idanu, sai inuwa take gani. Al'adarta ba ta canja ba. Takan kama hancin itacen, ta ɗaga fuskar, ta shafa ta faɗi ɗan wane ne, sannan ta miƙa fanke. Ta yi wa yara da yawa, ana ta shewa. Sai ta zo kan Vakarė, ta damƙe hancinta, ta ja, ta ɗaga murya ga Zigmas da ke cikin ɗakin.

"Zigmas, bana ka zarce. Wane ɗan Adam ne ke da hanci haka? Da me ka manna shi?"

Ina tsaye kusa da ita, hannuna yana iya kaiwa kafaɗarta. Na san za ki ce in da na yi magana da an wuce wurin. Na yi magana kuwa.

"Ja da ƙarfi, Bronė, ya kusa fita."

Ta sa hannu biyu. Zigmas ya yi dariya har ya zauna a kan itacen murhu, ƙawayen nata biyu suka riƙe juna. Ni ma hawaye na yi don dariya, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai jini ya ɗigo a kan fanken. Vakarė ta ce, a hankali, "Hancina ne na gaske, Iya. Don Allah ki sake ni, kina ji mini ciwo."

Rimantė, da harshenmu ta faɗa, babu kuskure ko ɗaya, har da irin lafazin garin nan. Na ji alfahari ya cika mini ƙirji. Na faɗa mata haka a hanya, muna isa gida ta shige ɗaki.

Bronė ta aiko da zuma tana ba da haƙuri. Yara suna kiran Vakarė Sassaƙar Zigmas, amma wa ya tashi a garin nan ba a laƙaba masa suna ba? Zai wuce. Ki gaya mata ta fito daga ɗaki ta ci abinci.

Ki huta lafiya,
Mamanki

Plateliai, Mayu

Rimantė,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Wasiƙuna ba amsa, na ajiye girman kaina na kira, ba ki ɗauka ba. A bakin 'yar Zigmas na ji cewa kin sabunta hayar ɗakinku, ba za ku dawo ba. A kanti ta faɗa mini, gaban mutane.

Me yarinyar ta ce miki? Tun ranar bikin ba ta sake furta kalmarmu ba. In na yi mata magana sai ta amsa da Turanci, daga baya Turancin ma ta daina. Ta ƙi makaranta. Na tarar ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango, tana cin abinci hannu ɗaya a kan fuska. Wannan ai reno ne irin na can, inda ba a taɓa yaro ko da baki. Mu da muka tashi ana mana abin da ya fi haka, ga mu nan ba mu mutu ba.

Ranar da kika aiko a sa ta a bas, ni na ɗaukar mata jaka duk da gwiwata. Na saƙa mata safa, na cika mata kwalba da zuma. Na ce ta miƙo kunci in sumbata in hancin zai ba ni hanya, don kawai in ga ta yi murmushi kafin mu rabu. Ta kalle ni, ta ajiye safar da zumar a kan bencin tasha, ta hau. Ta zauna a ɗaya gefen, inda ba zan gan ta ta taga ba.

Kin ɗora zamana da mutuwata a bakin yarinya, ta kuma yanke. Ni ban ga abin da na yi da ya kai haka ba. Amma ki sani na sa an gyara rufin ɗakinki, na fitar da kayan babanki don ku sami wuri. Dankali kuma na mutum uku na shuka, har ya tsiro, layi bayan layi har bakin shinge. Ki rubuto ki gaya mini wanda zai ci.

Ki gaishe ta, in za ta karɓa.

Uwarki,
Genovaitė