Makullin Babur a Gwangwanin Zare

Zuwa ga 'yata, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a aikinki na asibiti, Ya ba marasa lafiyar da ke hannunki sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi tun da ta fara shan maganin da kika rubuto mata, ko da yake ita ta fi yarda cewa man zafin maƙwabciya ne ya yi aiki, ni kuma ban ga ribar gardama ba. Yayanki ya koma wani gida kusa da wurin aikinsa, matarsa kuma ta kusa sauka. Gwaggonki ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta gyara wa kowa zama, ta tafi. Bishiyar lemun nan ta tsakar gida da kika ce ba za ta yi ba, bana ta yi 'ya'ya goma sha ɗaya, da kaina na ƙirga.

Na zaɓi takarda ne maimakon waya, domin a waya ba ki barin mutum ya kai ƙarshen magana, tun kina ƙarama haka kike. Zancen makullin babur ne. Na san ke kika ce wa mahaifiyarki ta ɓoye shi, kada ki wahalar da kanki wajen musu. Ta saka shi a gwangwanin zarenta, ƙarƙashin maɓallai, kuma tun kwana na biyu na gane, don duk lokacin da na gifta ta kusa da keken ɗinki sai ta fara tari. Ban taɓa shi ba. Na kuma san abin da ya tsorata ki. An gaya miki cewa tun da na yi ritaya, sau uku na hau babur da safe na je na tsaya a ƙofar ofis kamar mai zuwa aiki. Mai gadi ya gaya wa yayanki, yayanki ya gaya miki, ke kuma kika ce mantuwar tsufa ce ta fara. Shi ya sa ran nan kika kira kina tambayata wace rana ce yau, kika sa ni ƙirga daga ɗari in yi ƙasa ina cire bakwai-bakwai, ni da na koya miki cirewa da ƙwallayen dabino a bakin ƙofa. Na amsa miki daidai, amma na ji a muryarki ba ki gamsu ba. To ga bayanin, ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Shekara ashirin da tara na yi ina zuwa ofishin nan a kan babur. Bakwai saura kwata nake fita. In cusa ƙafar wando cikin safa saboda sarƙa, in naɗe rigar ofis a leda in saka a akwatin ƙarfen da na sa aka ɗaure mini a kujerar baya, tare da rigar ruwa da fayilolin da na kwaso gida. A mahaɗar bakin unguwa in karya hagu. Daga nan shataletale, sai gada, sai danjar da manyan motoci ke tsayawa suna hura wa mutum hayaƙi a fuska. Na san kowane rami a hanyar nan kamar yadda na san haƙoran bakina, har wanda aka cike sau shida yana dawowa. Amma da za ki tambaye ni launin ginin da ke gefen gada, ban sani ba. Mai zuwa aiki a kan babur ba ya ganin gari, tayar da ke gabansa yake gani, da agogon hannunsa, da madubi. Kafaɗa a ɗaure, haƙora a cije, kana isa kana warin mai, ka shiga banɗaki ka sauya riga don kada a ce ga ɗan aike ya zo.

Kin san zanen taswira na karanta, kuma ni na zo na ɗaya a ajinmu. Ranar da na kama aiki aka ce in ɗan zauna a ɗakin ajiye fayil na wata shida kafin a samo mini tebur. Har na bar wurin ana neman teburin. Waɗanda na koya wa riƙe fensir suka zama shugabannina, suna wuce ni a mota da damina, su watsa mini ruwan kwata, su ɗaga mini hannu ta gilashi. Ranar sallama suka yi jawabai, suka kira ni ginshiƙi, suka ba ni agogon bango. Mutumin da ya gama da sammako shi aka ga ya dace da agogo. Yana nan a falo yana aikinsa, shi kam an samo masa wuri.

Da zaman gida ya ishe ni, sai bakanikena, Gajere, wanda ya fi ƙofar shagonsa tsawo, ya ce wai me zai hana in riƙa hawa babur don jin daɗi kawai. Ya ce akwai masu fita ranar Asabar ba inda za su, su sha iska su dawo. Na yi masa dariya, na ce babur jakin aiki ne, ban taɓa jin wanda ya hau jaki don nishaɗi ba. Ya ce wai matsalata ke nan, karatu ya yi mini yawa har ya toshe ƙofar da daɗi zai shiga. Maganar ta tsaya mini a rai. Wata Talata na buga babur na fita ba tare da niyyar zuwa ko'ina ba. Ina isa mahaɗa, kafin kaina ya yanke shawara, babban yatsana ya riga ya kunna siginar hagu. Ban farga ba sai ga ni a ƙofar ofis, wata mota a inuwar da na saba ajiye babur. Na san ranar, na san na yi ritaya, na san sunan kowa. Hannu ne ya bi abin da ya saba. Mai gadi ya taso da murna, ya ce ranka ya daɗe ko an manta wani abu ne, ya jawo mini benci. Karo na biyu ma haka aka yi. Na uku kuwa, zan gaya miki gaskiya, da gangan na je. Na tsaya a mahaɗa na yi ta tunanin inda zan nufa, masu motoci suna ta danna mini ham, na rasa wuri ko ɗaya. Mutumin da ya karanci taswira, ashe hanya ɗaya ya sani a duniya. Wannan ba cuta ce da ke cikin littattafanku ba, 'yata, kuma ta fi mantuwa ciwo.

Sai makulli ya ɓace. Mako uku ina fitowa da safe da tsumma ina goge babur ɗin da ba zan hau ba, ina magana ciki-ciki, ina cewa ofis ya ajiye ni a ɗakin fayil, yanzu gida ma ya ajiye ni. Ban yi wa mahaifiyarki daɗin zama ba a kwanakin nan, na sani. Wata safiya ta fito da shanya, ta tsaya tana kallon akwatin baya. Ta ce wai ita tana taya akwatin nan murna, shekara ashirin da tara ana goya shi safe da yamma, ita kuwa da aka aura ko sau ɗaya ba a taɓa ɗora ta a baya ba, kullum sai dai ta bi motar haya. Na ce ai ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce wai ita da girmanta ba za ta je ta roƙi akwati ya matsa mata ba. Ta ci gaba da shanyarta. Ni kuwa na tsaya da tsumma a hannu, na duba baya iyakar tunanina, ban samo rana ɗaya da zan ƙaryata ta da ita ba.

Na ɗauko sifana don in cire akwatin, notinan sun yi tsatsa sun ƙi motsi. Tunda babu makulli, tura babur ɗin na yi har shagon Gajere, ina gumi, mutanen layi suna yi mini jajen mai ya ƙare. Gajere ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau jaki ne ya hau mai shi. Da ya yanke notinan ya ɗaga akwatin, sai muka tsaya mu biyu muna kallon kujerar da ke ƙarƙashinsa. Kujerata ta gaba ta sha faci har ba a gane asalin fatarta, amma ta baya baƙa wuluk, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu, kamar ranar da aka fito da babur daga kanti. Na turo shi gida na ajiye a tsakar gida, inda mahaifiyarki za ta gani. Ta kuwa gani.

Ranar Asabar da hantsi sai ga ta ta fito da tsohuwar hular kwanon yayanki a kan ɗankwali, makulli a hannu. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne, ita ce mai nuna hanya, ni direba ne kawai, in ta taɓa kafaɗar dama in yi dama, in ta taɓa ta hagu in yi hagu, kuma ba ta son jawabi. Hawanta ya ɗauki lokaci saboda gwiwa, ta kama rigata kamar za ta yage ta. Muna isa mahaɗa yatsan nan nawa ya sake kai wa siginar hagu. Ba kafaɗa ta taɓa ba, mintsini ta sakar mini a haƙarƙari, ta ce dama, malamin taswira. Na karya dama. Shekara ashirin da tara ina wuce bakin hanyar nan, ban taɓa shiga ba.

Ba mu yi minti goma sha biyar ba gidaje suka ƙare. Kwalta lafiyayya, itatuwa a jere dama da hagu, gonaki, iska mai ƙamshin ƙasa. Ba wanda ke bina da ham, ba agogon da nake tsoro. Na bar babur a giya ta uku yana tafiya a hankali, na ji ƙarar injinsa sosai a karo na farko, ashe muryarsa da daɗi. Kafaɗuna suka sauka da kansu. Mahaifiyarki ta saki rigata, ta fara ba ni labarin kowane abu da muka wuce kamar ni makaho ne, ga shanu, ga mai kankana, ga wata mata da tulin itace. Can ta taɓa kafaɗar hagu, muka gangara wata 'yar hanya, sai ga ruwa shimfiɗe, madatsa ce babba, fararen tsuntsaye a bakinta. Na kashe babur na tsaya ina kallo. Na san wannan ruwa. Taswirarsa tana ɗakin fayil, kanta ta uku daga sama, na karkaɗe mata ƙura ya fi sau ɗari, na san faɗinsa da zurfinsa da inda ya lanƙwasa ta gabas. Ban taɓa sanin yana da tsuntsaye ba. Na fara yi mata bayanin yadda ake auna irinsa, ta ce ai ta gaya mini ba ta son jawabi. Muka zauna a kan dutse muka sha shayin da ta zo da shi a fulas.

Asabar huɗu ke nan muna fita. Ba zan ce miki na yafe wa ofishin nan ba, tsufa bai mai da ni waliyyi ba. Amma yanzu sai in yi kwana biyu ban tuna da su ba. Saboda hankalinki ya kwanta, na bi yayanki wurin likita ranar Litinin. Ya yi mini tambayoyinku na bakwai-bakwai, ya ce kaina ƙalau, tabarau ne ke son sauyi, an kuma sauya. Takardarsa tana cikin wannan ambulan, ki duba da idonki.

Ga roƙona. Mahaifiyarki ta yi miki alkawarin ba za ta fito da makulli ba, ta kuma karya, abin yana damunta. Shi ya sa kwanan nan in kin kira take cewa tana da tukunya a wuta. Ki kira ta ki sauke mata wannan nauyi, ki ce kin yarda. Amma kada ki ce ta mayar mini da makullin. Ya zauna a gwangwanin zare inda yake, ta fito da shi ran da ta ga dama. Na gwada fita ni kaɗai, kin ga inda na ƙare. Akwatin kuwa yana gindin lemo, ta cika shi da ƙasa ta shuka na'ana'a a ciki, kuma ya fi yin amfani a wannan aiki fiye da wanda muka yi tare.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce na gode da haƙurin da yake yi da tambayoyinki. Ki gaishe da babban jikana Mai Gardama, da 'yar autarku Sarauniya, ki ce mata kakanta ya ajiye mata lemo biyu a kan bishiya, ya hana kowa taɓawa. Yayanki da matarsa suna gaishe ku, haka gwaggonki, haka Gajere. Mahaifiyarki ba ta san na rubuta wannan ba, tana ɗaki tana ɗinka wa hular kwano sabon maɗauri. In kun zo hutu ki shirya bin motar haya, domin kujerar baya ta sami mai ita.

Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
direban mahaifiyarki.