Igiyar da Na Ɗaure Sama

Cleveland, Litinin, farkon Nuwamba

Zuwa ga ɗan'uwana Hosea,

Yau Litinin, na tashi da sauƙi, gwiwar hagu ce kawai ta ƙi yarda cewa gari ya waye. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya ƙugun naka? Da fatan masu kula da ku a gidan tsofaffin nan suna riƙe ka da mutunci, suna kuma sa maka gishiri a abinci ko da a ɓoye ne. Ka gaishe mini da 'yarka Lorraine idan ta leƙo.

Ɗakinka an ba wani yaro ɗan shekara sittin da 'yan kai. Bai iya wasan domino ba, ba ya gaisuwa, talabijin ɗinsa ce kawai muke ji. Idan na buɗe ƙofata na ga tasa, har yau sai in ji kamar in ƙwanƙwasa in ce maka gahawa ta dahu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata sanarwa da aka tura mana ta ƙarƙashin ƙofa. Hukumar gidajen gwamnati za ta ba wasu masu bincike na jami'a bayanan duk mu da ke haya a gidajenta: shekarunmu, abin da ke shigo mana, tsawon zamanmu, da yawan lokutan da aka ja igiyar neman taimako a ɗakin mutum. Wai za a cire sunaye. Wai.

Hosea, ni da kai 'yan Alabama ne. Ka san abin da iyayenmu suka koya mana: idan mai farar riga ya zo ya ce bincike ne kuma kyauta ne, ka nemi ƙofar baya. Ba tatsuniya suka ba mu ba, sun ga baƙaƙen fata irinmu da likitoci suka yi gwaji a jikinsu ba da saninsu ba. Na karanta takardar da gilashin ƙara girma har idona ya yi ruwa, ban ga wurin da aka rubuta abin da za su yi da wanda suka gano yana yawan faɗuwa ba. Amma ba sai an rubuta mini ba. Kai ka ja igiyar nan 'yan lokuta a bazarar bara, kafin ganye ya zube an kwashe kayanka.

Kada ka ji haushina. Ban ce inda kake ba shi da kyau ba. Amma a ɗakin nan matata Verna ta cika, kujerarta tana nan bakin taga inda take kallon tafki. Ba ni da 'ya kamar Lorraine da za ta riƙa leƙo ni. Idan aka fitar da ni daga nan, ban san wanda zai san inda aka kai ni ba. Kuma ni ma na ja igiyar a bana, fiye da sau ɗaya.

Don haka ga abin da na yi. Na sa sandata na ɗaga igiyar banɗaki, na naɗe ta a kan bututun ruwan wanka, can sama inda hannu ba ya kai wa. Na san halina, idan na faɗi tsoro zai sa in ja. Yanzu ko na so ba zan iya ba. Abin da ba a rubuta ba, babu mai ƙirga shi.

Kada ka gaya wa Lorraine, za ta buga wa ofishin benenmu waya.

Ka huta lafiya, Ubangiji ya riƙe ka.

Naka har kullum,
Ellis Tarver

Cleveland, Asabar, tsakiyar Nuwamba

Ɗan'uwana Hosea,

Yau Asabar, ina rubutu da hannun da ya kumbura, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Malamar da ta koya mana rubutu da ta ga wannan, da rula ta yi magana. Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin bana bai taɓa ƙirjinka ba.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce da ni tsohon jaki, na karɓa. Ka kuma ce ba igiya ta fitar da kai ba, kai da Lorraine da likita kuka zauna kuka yanke, don ƙugun ya ƙi haɗuwa. Na karanta, amma a raina na ce haka suka bar ka ka ɗauka.

To, ranar Laraba da safe na faɗi a banɗaki. Tabarmar ƙafa ce ta zame. Ban karye ba, amma na kasa tashi. Ina kwance a kan tayil mai sanyi, ina kallon igiyar can sama inda na naɗe ta da kaina, jar ƙwallon bakinta tana lilo kaɗan kamar tana mini dariya. Sandata tana bayan ƙofa. Na kira, muryata ba ta wuce labule ba. Na rera waƙoƙin coci duk da na sani don kada barci ya ɗauke ni, na koma na sake su daga farko.

Mis Odessa Crump ta ƙarshen baranda ce ta cece ni. Ka san kullum idan na gama da jarida nakan kai mata shafin wasan cike gurbi. Da rana ta yi ba ta ga shafinta ba, sai ta ɗauko makullin da na ba ta tun rasuwar Verna. Ta tsaya a ƙofar banɗaki da keken dogarawarta, ta dube ni, ta dubi igiyar, ta ce, “Ellis Tarver, wane shaiɗanin ne ya hau can ya ɗaure wannan?”

Na ce mata ni ne. Ta ce, “To Allah ya isa tsakanina da kai. Tsofai-tsofai da kai, kana kwance ba wando, ka sa ni ganin abin da rabona da gani tun mijina na biyu.” Daga nan ta je ta ƙwanƙwasa wa yaron da ke ɗakinka, ya zo ya ɗaga ni kamar buhun auduga. Sunansa Dwight. Ashe yana gaisuwa, kunnensa ɗaya ne ba ya ji.

Na roƙe su kada su kira ofis. Odessa ta yarda, amma da sharaɗi. Ranar Litinin za a yi taron 'yan haya a zauren ƙasa, ɗaya daga cikin masu binciken za ta zo ta amsa tambayoyi. Ta ce ko in sauka da ƙafata ko ta sa Dwight ya sauke ni a kafaɗa. Ta ce in ina da tsoro, in kai shi gaban mai shi, in daina kai shi banɗaki.

Igiyar tana nan sama. Na hana Dwight ya taɓa ta sai na ji abin da matar za ta ce. Kafin nan ina wanke jikina a zaune, a bakin wurin wanke hannu.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Lorraine, amma har yanzu bakinka alaikum.

Naka,
Ellis

Cleveland, Alhamis

Ɗan'uwana Hosea,

Yau Alhamis, kumburin ya saɓe, kuma rabon da in yi barci irin na kwanakin nan tun kafin sanarwar nan ta shigo ɗakina. Ina gaishe ka da zuciya ɗaya. Ya ƙugu, ya haƙuri da abincin gidan tsofaffi?

Na sauka taron da ƙafata, na sa kwat ɗin da nake zuwa coci da shi. Zauren ya cika, don an ce akwai gahawa da biskit. Misis Reyes ta ofis ta gabatar da baƙuwar, Dakta Ibarra, yarinya ce ƙarama, ba farar riga, takalmanta duk sun jiƙe da ƙanƙara. Ta ce suna so su gane ko gyaran gidaje, kamar ƙarfen riƙewa a bango da fitila mai haske, yana rage faɗuwar tsofaffi da kwanciya asibiti. Ta ce kafin bayanan su iso gare su, hukuma ta cire suna da lambar ɗaki da ranar haihuwa. A wani ɗaki guda ake duba su, a kwamfutar da ba ta haɗe da waje, ana barin waya a bakin ƙofa, kuma ko takarda ba a fita da ita sai an duba. Ta ce ta sa hannu a kan cewa idan ta yi ƙoƙarin gano wani, aikinta ya tafi, kotu kuma na jiranta.

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, hankalinsu na kan biskit. Ni na miƙe. Na ce, “'Yata, na ji. Amma cire suna ba ya ɓoye raƙumi a cikin awaki. A benen nan ni kaɗai ne namijin da ya kusa casa'in yake zaune shi kaɗai. Ko ba suna, wa za ki ce ne?”

Ba ta yi mini irin murmushin da ake yi wa tsofaffi ba. Ta ce tambayar ita ce ainihin tambaya. Ta ce saboda irina ne aka sa doka: idan mutanen wani rukuni ba su da yawa, ba a nuna su su kaɗai, sai a zuba su cikin babban taro. Ba za ta ga wannan bene ba, ba za ta ga shekaruna ba. Abin da za ta gani shi ne maza da suka haura tamanin a gidajen hukuma na birnin nan gaba ɗaya, ɗaruruwa. Kuma abin da suka gano ba ya komawa ofis da sunan kowa, tunda su ma ba su da shi.

Sai na ce bari in gwada ta. Na ce, “To faɗa mini, sau nawa na faɗi a bana, har da na ranar Laraba da ban ja igiya ba?”

Ta dube ni. Ta ce, “Baba, ban san ka taɓa faɗuwa ba sai yanzu da ka faɗa mini.”

Hosea, da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da na kwanta a tayil rabin yini don in ɓoye, ni na tashi na shelanta shi a gaban Misis Reyes, sanye da kwat ɗin coci. Odessa ta yi dariya har ta riƙe kekenta. Ta ce, “Ku rabu da shi. Duk mu 'yan hawa na tara mun san ranar da ya faɗi, bene ne ke girgiza. Jami'a kaɗai yake ɓoye wa.”

Bayan taro Misis Reyes ta ja ni gefe. Na ce shi ke nan, ga ranar ta zo. Ta tambaye ni me ya hana ni jan igiyar, na gaya mata gaskiya, har da batunka. Ta ce, “Mista Tarver, ba a korar mutum daga nan don ya faɗi. Wanda ya ja igiya, ƙarfe muke sa masa a bango. Wanda bai ja ba shi ne muke tsinta.” Kalmar nan ta ƙarshe ta zauna mini a ƙirji. Ta ce game da kai ba za ta ce komai ba, don ba ta tattauna ɗan haya da wani ɗan haya, ko da ya tashi. Ka ga, ko ni da na san kalar rigar barcinka an hana ni labarinka. A nan ne na fara yarda da su, na kuma yarda da wasiƙarka. Ka yafe mini.

Washegari aka turo ma'aikaci ya kafa ƙarafa biyu a banɗaki, ya kawo kujerar wanka. Shi ya warware igiyar. Ya tambayi wanda ya naɗe ta, na ce wani tsohon jaki ne. Yanzu tana sauka har kusa da ƙasa, inda mai kwance zai kai hannu. Jiya na yi wanka na gaske, da ruwan zafi, na daɗe a ciki. Kujerar Verna tana inda take, ni ma haka.

Kafin yarinyar ta fita ranar taron, na tare ta a ƙofa na ce ban kyauta mata ba, ta zo ranar Alhamis da rana ta sha gahawa, in ba ta labarin da kwamfutarta ba ta da shi. Ta yi dariya ta ce za ta so haka idan ta samu hali. Na ba Dwight saƙo ya sayo mini kek ɗin dankali mai zaƙi, irin wanda kake so. Na share ɗaki, na fito da kofunan Verna masu bakin zinariya. Bari in ajiye alƙalami, kada ta same ni da tawada a hannu.

Yanzu za ka iya gaya wa Lorraine komai. Ubangiji ya ƙara maka sauƙi, ya sa mu sake zama a kan domino ko sau ɗaya ne.

Ɗan'uwanka,
Ellis Tarver

Ƙari: Rana ta faɗi, ba ta zo ba. Duk motsin lif ɗin hawa bene sai in gyara zama. Sai da gahawar ta huce na tuna ban faɗa mata lambar ƙofata ba, ban ma faɗa mata hawan da nake ba in ba abin da Odessa ta yi ta ihu ba, kuma ofis ba zai ba ta ba. Na ɗauka tana da su ne. Ashe gaskiya yarinyar ta faɗa, ba ta san inda nake ba. Na ci yanka ɗaya na kek ɗin, na rufe nata da faranti. Gobe zan kai wa Odessa tare da shafin jaridarta.