Bargon Gashin Agwagwa

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gida, yaya Malam da yara? Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Tun da 'yarki Hauwa ta haihu a nan Doha ba ta yi wankan jego ba, ga na'urar sanyaya ɗaki ba a kashewa. Ina tsoron sanyi ya shige ta.

Shekaranjiya mijinta ya kai ni kasuwar Souq Waqif neman bargo. Na zaɓi mai nauyi, sai mai shago ya miƙo wani da aka cusa wa gashin agwagwa, wai ya fi ɗumi. Na ɗaga shi, wallahi kamar ban ɗauki komai ba. Mijin ya ce, "Khalas, shi ke nan, Mama, wannan za mu saya." Kunyar suruki ta hana ni musu.

Yau da safe na ji Hauwa tana tari.

Don Allah ki aiko mini da gwadon Inna, wanda na rufa lokacin jegona. Malam ya sa Hauwa a addu'a. Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Binta