Aswakin Alhaji da Wutar da Ke Gaban A-kori-kura

Zuwa ga Alhaji Shugaba, shugaban ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya ta Ɗanzomo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan dattawan kwamiti. Ni ne Sabi'u, direban a-kori-kurar ƙungiya. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, maganar ciki dai a miƙe take. Na manna takardar nan a ƙofar ofis ne domin a gaban jama'a aka ce ni nake gasa dattawa, kuma a gaban jama'a za a zauna ranar Juma'a a duba ko za a karɓe makullin mota daga hannuna.

Ranka ya daɗe, bari in fara da abin da idona ya gani da safiyar Alhamis ɗin da ta wuce. Mun isa bakin kasuwar Maigatari hantsi ya ɗaga. Na zagaya na buɗe wa Arɗo Buba ƙofa, kamar yadda na saba. Arɗo ya sauko rigarsa ta manne a bayansa kamar an tsamo shi daga rijiya, rawaninsa ya saki, gemunsa yana ɗiga. Takalminsa na roba ya yi laushi, yana takawa yana lanƙwashewa. A gindin ƙafarsa kuwa akwai ƙwaryar Inna Daso mai nono, wadda ta roƙa a ajiye mata a gaba don kada rana ta taɓa man shanunta. Curi goma sha biyu ta jera a Ɗanzomo. A Maigatari ko curi ɗaya babu, sai mai rawaya yana yawo a kan nono kamar za a soya ƙosai. Na dubi Arɗo, Arɗo ya dube ni, ya share fuska da bakin rawani, ya ce tafiya ta yi daɗi, Allah ya yi mini albarka. Wallahi dariya ta kayar da ni har sai da na dafa taya. Na san bai kamata ba, na kuma tuba. Inna Daso ita ba ta yi dariya ba, ita ce ta kawo maka ƙara, kuma tana da gaskiya. Sai dai ba a kaina gaskiyar ta faɗa ba. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Ba ni na kunna wutar nan ba. Ka tuna ranar da aka kawo motar, cikin sanyin bara. Bayan an shafa addu'a kai da kanka ka shiga, ka murɗa abin nan mai ja da shuɗi zuwa ja, don jama'a su ga irin abin da ƙungiya ta samu. Kowa ya zo yana zura hannu ta taga yana cewa mota mai murhu. Tun daga ranar hita, wato na'urar ɗumama motar, ba ta sake mutuwa ba. Da sanyi babu wanda ya ce uffan, har rububin gaban mota ake yi, ana sa mini albarka tun daga Sule Tankarkar har Gumel. Da bazara ta kama, sai albarkar ta fara raguwa.

Na biyu. Ban zauna na naɗe hannu ba. Na murɗa abin zuwa shuɗi, sai ya tafi rabi ya cije, kamar ƙyauren da aka tokare ta baya. Na kashe fanka, amma da mota ta ɗauki gudu sai zafin ya riƙa fitowa da kansa ta wajen ƙafa. Na cusa tsumma a ramukan ƙasa, ya ɓullo ta na sama. Na cusa a na sama, ya dawo ƙasa ya ture tsumman. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, kafin mu kai Gagarawa ya bushe ƙayau, har ya fi wanda aka shanya a rana. Na duba ruwan lagireto, a cike yake. Allurar zafin inji tana tsakiya, ba ta taɓa hawa ba, wato injin lafiyarsa lau. Na buɗe bonet na taɓa tiyo biyun nan da suka shige cikin gidan direba, duka biyun sun ƙona ni. Daga nan na kai ta wajen Malam Idi bakanike a Gumel. Ya ce akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod wanda ruwan zafi ke bi ta cikinsa, da wani ɗan murfi da ke tare iska kada ta ratsa shi, to murfin ne ba ya rufewa. Ya ce magani biyu ne. Ko dai a kwance ƙusa huɗu a leƙa a ga abin da ya hana shi, ko kuma a haɗe tiyo biyun daga waje, ruwan zafi ya daina shiga ciki gaba ɗaya, yadda ake yi wa yawancin motocin ƙasar nan. Wani direba ɗan Damagaram da ke zaune a garejin ya ce su ma haka suke yi, shofaj suke ce wa hitar da Faransanci, ya kuma tambaye ni cikin ladabi ko burodi muke gasawa a hanya.

Na uku. Duka biyun na kawo maka, duka biyun ka hana. Ka ce motar Beljiyom ce, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa kwance mata ba, ranar da sukundireba ta taɓa ta kuwa ta zama 'yar gida kamar sauran. Ranka ya daɗe, na fahimci wannan. Ni ma ina faɗin haka a tasha, har ƙirji nake bugawa. Amma ni nake zaune a ciki. Matata ta ce ƙafata ta dama ta fi ta hagu duhu, na duba na ga ba sharri ta yi mini ba.

Na huɗu, kuma nan nake roƙon kwamiti ya saurara da kyau. An ce in da gaske zafin ya kai haka, me ya sa babu dattijon da ya taɓa kawo kuka? Gaban mota wurin manya ne. Ba zan sa Arɗo a baya cikin awaki da buhunan riɗi ba, ga samari a gaba. Sau ɗaya na gwada, na ce masa baya ta fi iska. Kallon da ya yi mini har yau ina jin sa, 'ya'yansa kuma sai da suka yi mako ba su amsa gaisuwata ba. Shi kuwa Arɗo Bafulatani ne, fulaku ba zai bar shi ya ce yana jin zafi ba, gara ya narke tare da man shanun. Dattawanmu na gari su kuma kunyarka suke ji, sun san motar nan abin alfaharinka ce. Sai abin ya zama gwargwadon girman mutum gwargwadon dahuwarsa. Samari suna baya iska na kaɗa su suna waƙa, masu daraja suna gaba suna silala, kowa ya yi shiru. Yanzu in na doso Sule Tankarkar, dattawan da ke jiran mota sai su tuna suna da wani uzuri a gida. Akwai wani mai furfura har a gira da ya rantse mini shi ba wani babba ba ne, wahala ce kawai ta tsofar da shi, ya haye baya kafin in buɗe baki.

Na biyar. Ranar Asabar, bayan maganar karɓe makulli ta iso kunnena, na kwanta rigingine a ƙarƙashin dashbod da tocilar waya. Ban taɓa ƙusa ko ɗaya ba, Allah shi ne shaida. Na haska ramin da iska ke fitowa ta wajen ƙafa, na daɗe ina kallo har idona ya saba. Sai na hango wani ɗan itace ya gitta, ya tokare murfin nan da Malam Idi ya faɗa. A gindinsa akwai koren zare.

Alhaji, aswakinka ne.

Wanda ka zo da shi daga Makka, ka ɗaura masa koren zare don kada ya ɓata. Wanda ya ɓace ranar da aka kawo motar, muka ɗaga tabarmi muka kakkaɓe buzu, a ƙarshe ka ce wani ne ya ɗauke don neman tabarruki, ka yafe masa duniya da lahira. Ta taga ka miƙa hannu ka ajiye shi a kan dashbod da za ka ɗaga hannu a yi addu'a, ya gangara ta tsagar nan da ke gindin gilashi. Duk tsawon lokacin nan yana ciki, yana zuwa Maigatari duk Alhamis ba da sanin kowa ba. Dariyar da na yi a wurin sai da na buga goshi da fedar birki, ga kumburin nan in kwamiti na son gani. Na gwada zaro shi da waya, ya ƙi. Ban matsa ba, tunda ba a ba ni izini ba.

Saboda haka ga roƙona. Ka yarda Malam Idi ya kwance ƙusa huɗun nan. Ni zan riƙe su a hannuna, kowace ta koma raminta, kai kuma aswakinka ya dawo aljihunka. Da na yi niyyar in ce ba mai jin labari a tasha, amma tunda na riga na manna takardar, sai dai mu roƙi duk wanda ya karanta ya riƙe mana sirri. In kuwa har yanzu kana ganin kada a taɓa ta, to ina gayyatarka Maigatari ranar Alhamis, mu dawo da azahar. Kai ne babba a ƙungiya, ka san inda zan zaunar da kai. Ina kuma roƙon ƙungiya ta ba Inna Daso haƙuri da bakinta, ni na riga na bayar da nawa har sau uku. Na ƙarshe, kada a raba ni da makullin nan. Da shi nake ciyar da gidana, ban taɓa kayar da akuyar kowa ba, ban taɓa barin kowa a hanya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sake kai ka Makka, ya ba ka ladan jagorancin da kake yi mana. Allah ya raba mu da zafin duniya da na lahira, amin.

Wassalam.
Naka mai biyayya, Sabi'u direba.

Kada a ce ni kaɗai na gani. Jiya Litinin da muka kai zoɓo Gumel na tsaya a gareji, mutum uku suka leƙa. Malam Idi ya gani, ya ce shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Inna Daso ta durƙusa ta gani, a wurin ta ce ta janye fushinta daga kaina, za ta zo ta same ka. Na ukun shi ne Arɗo Buba. Ya cire rawani, ya sunkuya, ya daɗe yana kallon koren zaren nan. Da ya miƙe ya gyara riga, sai ya ce a gaya wa Alhaji, ba wai ƙorafi yake yi ba, amma lallai gaban motar nan akwai ɗan ɗumi.