Wanda Ya Zare Filogi

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin kunnen? Da kina jin waya, da ban wahalar da ke da karatu ba.

Yaya, kin san ni. Aji uku na yi a sakandare na fita. Walda da ido na ɗauke ta, babu wanda ya koya mini. Ni na kafa shagona, ni na gina gidan nan, na aurar da 'ya'ya uku ban miƙa wa kowa hannu ba. Kwamfutar falo ma ni na saya, na ƙera mata teburin ƙarfe, na koyi sarrafa ta da yatsa ɗaya. Shekara shida ke nan duk Asabar sai na kwance murfinta na hure cikinta, duk wata uku na canja kalmar sirri. Kowane aiki kuma sai na rubuta shi a littafin da na rataye jikin teburin: rana, abin da aka yi, da wanda ya yi. Haka nake yi wa kowane inji a shago. Shafi arba'in, sunana ne kaɗai a ciki.

To, yanzu mun samu Injiniya, mijin 'yar autata. Ya kawo wani baƙin akwati mai ƙyafta shuɗin ido ya jona a bayan tebur, wai kullum zai riƙa kwafe abin da ke cikin kwamfuta ya adana, ko da wata rana ta mutu. Ya kuma ɗauki biro ya sa sunansa a littafina. A littafina, Yaya! Jiya allon rubutun kwamfutar ya ƙi aiki, ina zaune a gaban uwar yara ta ce, "Bari mu jira Injiniya." Batir ne fa kawai ya ƙare. Shekara talatin da biyar ina gyara mata komai, tun daga risho har keken ɗinki.

Jikin Inna sai a hankali. Na soma ɗaukar muryarta a waya, zan riƙa juyewa a kwamfuta. Tana yi wa jikoki addu'a ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

Ki gaishe da yara.
Ƙaninki.

*

Auta,

Na ga takardarka, na yi dariya har na ƙware. Furfura ta cika maka kai amma halin na nan. Kana shekara bakwai ka fasa fitilar gida don an ce ta maƙwabta ta fi haske. Yaron nan taimakonka yake yi, ba gadonka ya zo ci ba. Ina nan tafe ƙarshen wata in kwana biyu wajen Inna. Ka tanadar mini fanka, ka san ni da zafi.

Allah ya shirya mini kai.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da ƙarin haƙurinmu. Yau wata biyu da rasuwar Inna. Allah ya jiƙanta.

Ran Laraba yara suka taru don su ji muryarta. Na kunna kwamfuta, ta yi ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taunar tsakuwa, allo ya yi baƙi. Faifan ajiyar da ke cikinta ya mutu. Muryar da ke wayata kuwa na riga na goge, don wuri ya cika. Uwar yara ta ce, "Kada hankalin kowa ya tashi, ai akwai akwatin Injiniya." Aka kira shi. Ya durƙusa bayan tebur ya daɗe, ya taso yana share gumi. Abin ƙarshe da akwatin ya adana na wata biyar da suka wuce ne. Hotuna suna nan. Addu'o'in Inna babu ko ɗaya.

Kin ga ilmin boko ko? Duk digirin nan! Da kansa ya rubuta a littafi cewa laifinsa ne, bai riƙa dubawa ba, ya sa hannu. Ya kwashi kwamfutar da littafin ya tafi da su, wai zai gwada ko wani abu zai fito. Uwar yara ta daina amsa gaisuwarsa. 'Yar auta ta dawo gida da jakarta, kwananta huɗu a nan, ta ce ba ta iya kallon fuskarsa, domin tata addu'ar ce ta fi tsawo kuma ba ta taɓa jin ta ba.

Ni dai abinci ne kawai ba na iya ci.

Ƙaninki.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, yau ba ni da dariya.

Kunnena ne ya lalace, idona garau yake. Da na zo jinyar Inna a falonka na kwana bakwai. Soket ɗaya ne a bayan teburin nan mai baki biyu, ɗaya na kwamfuta, ɗaya kuma fankata ka jona. Na ga filogin akwatin a ƙasa, an naɗe wayarsa tsaf an ɗaure da zaren ƙarfe, irin ɗaurin da ba a yi sai a shagon walda. Na zaci da na tafi za ka mayar.

Yaron da ya durƙusa a wurin ya ga abin da na gani. Ya yi shiru don kai uban matarsa ne. Ni ma ba zan faɗa wa kowa ba. Amma yarinya tana gidanka da jakarta, kai kuma ba ka cin abinci.

Yayarka.

*

Zuwa ga mijin 'yata,

Sallama. Ina fata kana lafiya.

Ka buɗe littafin nan shafi na arba'in da uku, ka ja layi a kan abin da ka rubuta. Littafina ba a sa masa ƙarya. Ni na zare filogin akwatin, kwana tara da kawo shi, tun kafin zancen fankar Yaya, don na gaji da ganin idonsa yana ƙyafta mini a falona. Na faɗa wa uwar yara da matarka yau da safe. Uwar yara ba ta yi mini magana ba har yanzu. Matarka tana haɗa kaya, da kaina zan kawo ta bayan la'asar.

In muryar Inna ta fito daga faifan, wannan aikinka ne, ka sa sunanka. Amma wancan nawa ne. Ni kaɗai na yi shi, babu wanda ya taya ni, kuma ba za ka karɓe mini shi ba. Ka rubuta ranar, ka rubuta abin da aka yi, a gurbin wanda ya yi kuma ka sa sunana cikakke, da manyan baƙi.

Ka huta lafiya.
Surukinka.